Karaya Uku a Ƙirjin 'Yata ta Fari

Ina farawa da sunan Allah, Mai saukar da ciwo, Mai ɗauke shi. Wannan labarin jinyar 'yata ne, wadda muka yi tsakanin Wurno da babban asibiti a Birnin Kudu a daminar da ta wuce. Sai da na haura arba'in na zauna a ajin yaƙi da jahilci, don haka wanda ya ga rubutun ya karkace ya yi haƙuri, maganar dai a miƙe take. Na nemi izininta kafin in ɗauki biro. Ta ce in rubuta, amma kar in sa sunan mijin. Ban sa ba.

Sunanta Hauwa, ita ce 'yata ta fari. Mu mutanen Farin Dutse ne a ƙasar Gwaram. Kakanninmu masu shanu ne. Fillancin ya tafi ya bar mu, amma kunyar ɗan fari tana nan daram. Ana yaye ta, yayar maigidana, Goggo Rabi, ta ɗauke ta, gidansu yana jikin namu. Ban taɓa kiran sunan yarinyar ba, in zan yi zancenta sai in ce "ta Goggo". In ta shigo ɗaki, ni kuma in fita tsakar gida. A garinmu kowa ya san bakina, ba mai taka ni in yi shiru, ko a bakin rijiya ko a gidan biki. Amma a kan yarinyar nan ɗaya bakin a ɗinke yake, kuma yabona ake yi a kai, ana cewa Dije ta iya kunya.

Shekara huɗu da suka wuce ta auri wanda take so, direba ɗan Wurno mai jigilar fasinja zuwa Kano. Mutum ne mai fara'a, in ya zo gaishe mu har ƙasa yake tsugunawa. In mace ta fara naƙuda a unguwarsu shi ake nema, kuma ba ya karɓar ko kwabo. Ku riƙe wannan da kyau, don mai dukan mata ba a goshinsa ake rubutawa ba.

Na ga alamu, kar in yi wa Allah ƙarya. Da ta zo yawon Sallah, da hijabi take tuƙa tuwo a gaban murhu, gumi na zuba, ta ƙi cirewa. In an kira wayarta shi yake ɗauka, ya ce tana banɗaki. Ta daina zuwa biki da suna. Ran nan murfin tukunya ya suɓuce wa wata a bayanta, sai ta dafe kai da hannu biyu ta durƙushe. Kuma sau biyu muna jin labarin ta faɗi, yarinyar da ta tashi tana hawa tsamiya kamar biri. Abin da na iya yi shi ne na ce wa Goggo, "Ki tambayi 'yarki mana." Goggo ta ce, "Na tambaya, ta ce lafiya lau. Ai zaman aure haka yake, Dije, wa ya fi wa?"

Satin farko, mijin ya kira Malam, maigidana, ya ce santsi ya kwashe ta a bakin rijiya, ta bugi ƙirji, amma an kira mai ɗori ya duba. Goggo ta shirya ta tafi. Ni ban je ba, uwa ba ta rawar ƙafa a kan 'yar fari. Na ɗaure garin kunu da man shanu na ba ta. Bayan kwana uku ta dawo ta ce da sauƙi, sanyin damina ne ya shiga haƙarƙarin, mai kemis yana zuwa yi mata allura. Na tambaye ta ko ta ga wurin da ta bugu. Ta ce an naɗe shi da tsumma, kuma uwar mijin ce take gasa mata, ba ta bari kowa ya taɓa.

Cikin sati na biyu, ina shanyar kuɓewa da hantsi, wata baƙuwar lamba ta shigo wayata. Muryar mace ce, ƙasa ƙasa take magana. Ta ce, "Inna, ni maƙwabciyar Hauwa ce, kar ki ce na kira. Jini take tofarwa. In kina son ki same ta da rai, ki taho yau." Ta kashe.

Na ɗauki mayafi. Malam ya ce, "Ke za ki? Gidan yarinyar nan? Me mutane za su ce?" Na ce, "Su faɗa, kunnena yana nan in na dawo." Daga Farin Dutse zuwa Gwaram, daga Gwaram zuwa Birnin Kudu, daga nan babur zuwa Wurno cikin taɓo, sai bayan azahar na isa.

Na same ta kwance a gefe ɗaya, jikinta kamar garwashi, numfashinta gajere gajere, ɗakin cike da hayaƙin turare. Uwar mijin ta ce ai ba na asibiti ba ne, iska ce, shi ya sa take firgita, an karɓo rubutu. Wata ta ce a kira wanzami ya yi ƙaho ya zuƙe mataccen jini. Wata ta ce tafarnuwa da zuma. Na ce, "Duk na ji, Allah Ya saka. A fito da mota." Mijin ya tsuguna ya ce, "Inna, ai dama gobe nake shirin kai ta." Shi da kansa ya ja mu.

Ranar ba mu ga likita da wuri ba. Layin yankar kati daban, layin awo daban, ita kuwa tana jingine da bango tana haki, ni ina faɗa da duk wanda ya nemi shiga gabanmu. Da muka shiga, likita ya dube ta ya ce, "Me ya same ki?" Mijin ya ce, "Faɗuwa ta yi." Likita ya ce, "Yaushe?" Mijin ya ce, "Kwana tara." Ya ce, "Ina yake miki ciwo?" Mijin ya nuna nasa ƙirjin. Likitan ya ajiye biro ya ce, "Bawan Allah, kai ne marar lafiyar?" Mijin ya yi dariya, ni ma har na yi murmushi. Ita ba ta ɗaga kai ba.

Aka ba ta gado, aka tura mu hoton ƙirji. Washegari likita ya ɗaga hoton a jikin fitila ya kira ni, lokacin mijin ya tafi sayen magani. Ya ce mugunya ta taru a gefen huhu, sai an sa roba an janye. Sannan ya sa bakin biro ya nuna min wurare uku. Maganarsa ta zauna min har yau: "Inna, wannan sabuwar karaya ce. Waɗannan biyun tsofaffi ne, sun haɗe da kansu, kuma ba rana ɗaya aka yi su ba. Rijiyar nan tana yawan kayar da ita."

Akwai wata ma'aikaciyar jinya a ɗakin matan, baƙa, gajera, mai faɗa kamar ni. Sista kowa yake ce mata. Ta ja labule ta kawo ruwa a roba ta ce in cire wa marar lafiya riga in goge mata jiki kafin a shiga da ita. Na ce a bari Goggonta tana hanya. Ta ce, "Ke wace ce ɗinta?" Na ce, "'Yar fari ce." Ta ce, "Ban tambaye ki ta nawa ba ce. Ke kika haife ta?" Na ce ni ce. Ta miƙo min tsumman.

Rabona da ganin bayan yarinyar nan tun tana goye. Na ɗaga rigar. Shati ne a kwance a kan shati, wasu sun yi baƙi, wasu sun zama tabo fari, masu faɗi kamar yatsa biyu. Daga baya na ji da bel ɗin injin mota ake yi. A damtsenta akwai shatin yatsu. Sista ta ce, "Hauwa, a gida wani yana dukanki?" Ta ce, "Faɗuwa na yi." Sista ba ta matsa ba. Ta ja ni waje ta ce, "Ni baƙuwa ce, ba za ta faɗa min ba. Ke za ki tambaye ta, a hankali, ba da faɗa ba. Duk abin da ta faɗa ki yarda, kar ki ce mata me kika yi masa." Na ce, "'Yar nan, mu ba ma magana da ita." Ta ce, "To yau za ku fara, ko ku ci gaba da kunyar har kabari."

Na koma na tsaya a bakin gadon. Na zauna a gefenta, abin da ban taɓa yi ba. Na ce, "Hauwa." Sunan ya fito min kamar ƙaya. Ta juyo a firgice. Na ce, "Na ga bayanki. Ba laifinki ba ne, kuma ba inda za ni. Faɗa min."

Ta ce, "Inna, sau biyu ina zuwa Farin Dutse don in faɗa miki. Duk sanda na shigo ɗakin sai ki tashi ki fita."

Na kama hannunta na riƙe.

Da kaɗan da kaɗan ta faɗa, tana tsayawa tana neman numfashi. Tun tana da cikin Ummi, 'yarta mai shekara biyu, aka fara da mari. In ya yi asara a hanya, ita ce. In miya ta huce, ita ce. Bayan ya gama ya zo da tsire yana kuka yana rantsuwa. Ya karɓe wayarta, ya hana ta shiga maƙwabta, ya ce in ta kai ƙara gida ba mai yarda da ita, kuma ta bar ganin Ummi ke nan. Wannan karon ƙafa ya sa, saboda ta gaisa da ɗan Goggo a waya.

Sati na uku shi ne na robar. An huda gefen ƙirjinta an zura, ɗaya bakin yana cikin kwalba a ƙarƙashin gado, kullum da safe in leƙa in ga me ya taru. Warin ba ya faɗuwa. Zazzaɓi ya sauka yau, gobe ya dawo, likita ya canza allura, wata a samu a ciki, wata sai an fita kemis na bakin titi cikin ruwan sama. Akuyata biyu suka tafi a wannan satin. A baranda nake shimfiɗa tabarma tare da sauran masu jinya, sauro ya yi mana yadda ya ga dama. Amma matan barandar nan Allah Ya biya su. Wata 'yar Kangire da ke jinyar uwarta kullum sai ta raba kununta biyu ta ce, "Inna mai faɗa, sha, bakin ya samu ƙarfi."

Mijin kuwa kullum yana zuwa da shayi da burodi, ya gaishe da kowa gado gado, matan ɗakin suna cewa Hauwa ta yi dacen miji. Sai ya sunkuya kamar yana gyara mata matashi, ya yi raɗa a kunnenta. In ya fita ta kasa cin komai. Ni kuma sai in bi bayansa da ido. Na rantse zan tare shi a bakin ƙofa in yaga masa riga gaban jama'a.

Sista ce ta hana ni. Ta kawo wata Hajiya mai kula da irin waɗannan matsalolin na mata da yara. Hajiyar ta zauna da mu a bayan labule ta ce likita zai rubuta takardar abin da ya gani ya sa hannu, a adana ta tare da hoton a wurin da mijin ba zai kai hannu ba. Ta ce akwai hanyar 'yan sanda, akwai ta kotu, kuma alƙali yana raba aure saboda cutarwa in an kawo shaida. Ta ce kar a bari ya san ana shirin komai, don lokacin da mace take ƙoƙarin fita shi ne ya fi hatsari. Kar ta koma ɗaukar kaya ita kaɗai. A fara ɗauko yarinyar. Na ce, "A rubuta, yau za a kai shi, a ɗaure shi!" Hajiyar ta ce, "Inna, shekara huɗu wani yana yanke mata hukunci. Kar ki zama ta biyu. Hauwa, ke me kike so?" Hauwa ta ce, "Ban sani ba tukuna." Hajiyar ta ce, "Ba komai. Ga lambata, ki haddace ta, kar ki rubuta."

Wannan "ban sani ba" ta fi robar tayar min da hankali. Kwana da kwanaki ina kallon bakinta, ina cije nawa.

Da Goggo Rabi ta zo na ɗaga mata rigar Hauwa. Ta zauna a ƙasa ta yi kuka, tana cewa ita ta ce mata ta yi haƙuri, sau nawa. Ta share ido ta tafi Wurno, ta ce wa uwar mijin Hauwa tana kewar 'yarta, za ta kai mata ita ta gani. Ta goya Ummi ta kawo ta suka ga juna, daga nan ba ta zame ko'ina ba sai Farin Dutse.

A sati na huɗu aka cire robar, aka ce jibi sallama. A ranar mijin ya gane an ɗauke yarinyar, ya kuma gane an sani. Sai ga shi da kawunsa da wani dattijon tasharsu, an kira Malam daga gida. Suka shimfiɗa tabarma a ƙarƙashin darbejiyar harabar asibiti. Goggo aka kira, don ita ce uwa a irin wannan zama. Ni ba a ko dube ni ba. Ina daga baranda ina ji. Mijin ya amsa cewa hannunsa ya kai, sharrin shaiɗan ne, ba zai ƙara ba. Kawun ya ce shi ne jingina. Malam ya ce, "To, tunda ya gane kuskurensa, Allah Ya kiyaye gaba. In an sallame ta ta koma ɗakinta." Har sun ɗaga hannu za su shafa fatiha.

Na shiga na ce, "Hauwa, sun gama. Sun ce ki koma. Kin yarda in nuna wa babanki hoton?" Ta ce, "Nuna masa."

Na fito da shi daga ƙarƙashin katifa na je na tsaya a kansu. Kawun ya ce, "A'a, Inna, ba 'yar fari ba ce? Ai ke ba kya shiga." Na ce, "Na shigo." Na ɗaga hoton a rana na ce, "Malam, kai ka yi kiwo, kai kake feɗe ragon layya. In ka ga ƙulli irin wannan a haƙarƙarin dabba, me ya faru?" Malam ya karɓa ya ƙura ido. Ya sa yatsa a na farko, ya sa a na biyu. Ya ce a hankali, "Karaya ce da ta daɗe." Na ce, "Sau ɗaya aka ce maka hannu ya kai." Mijin ya miƙe tsaye, fuskar nan da muka sani ta tafi, ya nuna ni da yatsa ya ce, "Matata ce, ba wanda ya isa!" Dattijon tashar ya ja rigarsa. Aka tashi ba fatiha, Malam kuma bai ce ya janye maganarsa ba.

Ranar sallama, da muka fito da ita a hankali, motar mijin tana bakin ƙofa, ya buɗe gidan gaba, har ya riga ya sa jakarta a but, wurin kaya na bayan motar. Ya dawo da fara'arsa, yana ta "sannu, sannu". Hajiyar nan tana tsaye daga gefe tare da mai gadi, kamar ba ruwansu. Malam yana tsaye, Goggo tana riƙe da bokiti. Ni na yi alkawari ba zan yi magana ba.

Hauwa ta tako har gaban motar ta tsaya. Ta dubi kujerar. Zuciyata ta ce shi ke nan. Sai ta juya wajen ubanta, ta durƙusa da ƙyar tana dafe da ƙirji, ta ce, "Baba, ban taɓa ƙin maganarka ba. In ka ce in shiga, zan shiga. Amma ka sayi likkafani ka ajiye, don na huɗun ba asibiti za a kawo ni ba."

Malam ya zagaya bayan motar, ya ɗaga but ɗin, ya ciro jakar ya saɓa a kafaɗarsa, dattijo da furfurarsa. Ya ce, "Ku mu je tasha, kar motar Gwaram ta cika."

A hanya kowane rami sai ta cije leɓe, ni kuma kowane minti sai na waiga, don motar mijin ta biyo mu har muka bar gari kafin ta juya. Wata biyu bayan nan ba mu saki jiki ba. Ya aiko biko sau uku, ya aiko da zagi, ya ce zai zo ya ɗauki Ummi. Hauwa da kanta ta kira lambar da ta haddace. Hajiyar ta raka mu kotu, aka miƙa takardar likita da hoton, maƙwabciyar nan ta yi ƙarfin hali ta zo ta faɗi abin da take ji ta katanga. A zama na uku alƙali ya raba auren, ya bar mata 'yarta, ya ja masa kunne a kan zuwa inda take. Na so a ɗaure shi, ita ta ce ya ishe ta haka. Har yanzu ina jin haushin wannan, amma nata ne.

Ba ta iya daka yanzu, kuma in hadari ya haɗo gefen yana mata ciwo. Likita ya ce huhun ba zai koma kamar da ba. Da na je a satin farko, da ba a kai ga roba ba.

Iyaye mata nake wa wannan rubutu. In 'yarku ta cika faɗuwa, in wani ne yake amsa mata tambaya, in tana rufe jiki cikin zafi, ku kai ta asibiti, ku nemi a fitar da kowa, ku ɗaga rigar da hannunku. Ku tambayi ma'aikatan jinya wa ke kula da irin wannan, akwai su. Allah Ya saka wa likitan, da Sista, da Hajiya, da matar da ta ari waya ta kira ni. Ni an yabe ni shekara ashirin da uku a kan na iya kunya, kuma cikin masu yabon ba wanda ya kwana da mu a baranda.